Shari'ar Waƙar Mai Fito

Asabar, bayan la'asar

Da sunan Allah. Ni ne Alƙalin Alƙalan birnin Sala, mai rawanin da sai mutum biyu sun taru suke naɗa shi, wanda in ya yi gyaran murya a wannan gaɓa mutanen Rabat su miƙe tsaye a waccan. Na yi niyyar in riƙa rubuta shari'o'in da ke gabana, don na baya su ga yadda ake adalci. Wanda ya ga layin rubutun yana gangarowa kamar jaki a kan tudu, to laifin alƙalami ne, magatakardana kuma ya tafi ganin gida.

Shari'ar yau ƙarama ce, ba ta kai in gyara zama ba. Wani yaro ne, Allal, mai koyon saƙar tabarma a masaƙar Si Bu'azza. Babu wanda ya kawo ƙararsa. Ni ne dai na ga ya kamata in fara bincike tun kafin a kawo.

An ce yaron yana da tsokana. Kotu ta duba, ta ga tsokanar tasa ba ta mugunta ba ce. Ya taɓa ɗinke takalman ladan a jikin tabarmar masallaci. Ya taɓa jefa ƙaguwa a hular jallabiyar mai gawayi. Kowa ya yi dariya, har ladan ɗin, bayan ya huce.

Jiya Juma'a wannan Allal ya tafi da wani baƙo zaman waƙar da ake yi a gidan Alhaji Tuhami, dillalin ciyawar tabarma, wanda duk masaƙun garin nan a hannunsa suke saye. Zaman ya watse da wuri. Ko shayi ba a sha ba.

Baƙon, Bihi, bai zo aiki yau ba.

An ɗage zama.

Lahadi, da hantsi

Bihi ɗan Sus ne, daga duwatsun kudu. A lokacin sanyi ya zo, kawunsa mai shago, wanda ake kira Da Lahsan, ya kawo shi masaƙa. Larabcinsa a karye yake, in yana magana sai ka ce mutum na hawa matakala da kaya a ka. Yakan juya wa mutane baya ya ci gurasarsa da man zaitun shi kaɗai. Yaran masaƙa suna kiransa Akuyar Bishiya, don ranar da ya zo ya ce a garinsu awaki na hawa itace su ci 'ya'ya. Kotu ba ta gano wanda ya raɗa masa sunan ba.

Babbar tabarmar masallaci mutum biyu ke saƙa ta, kowa da gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Si Bu'azza ya haɗa Bihi da Allal a kan guda, ya ce ko shirun wannan ya rage surutun wancan.

Yau da safe Si Bu'azza ya tara mu, wato ya tara su, ya ce Bihi ba zai sake zama a masaƙarsa ba sai Alhaji ya yafe. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mutumin da ya yi shekaru yana zaɓa masa ciyawa mai kyau ba, alhali yaronsa ya shiga har gida ya ci masa fuska. Da Lahsan kuma ya aiko cewa in ba a daidaita ba kafin Maulidi, zai sa yaron a motar Tiznit mai zuwa kudu ya koma wa uwarsa.

An tambayi Allal, tunda shi ya kai shi, me ya gani. Ya ce shi yana wajen kaskon wuta lokacin. Wannan gaskiya ce. Kotu ta tabbatar.

An ɗage zama.

Litinin, da azahar

Bihi bai zo ba. Gefensa yana nan yadda ya bar shi, da allurarsa a soke.

Talata, bayan la'asar

Adalci ne a rubuta mai kyau kafin mummuna.

Kawun Allal, Kaddur, shi ke buga bandiri a zaman Juma'a, saboda haka yaron yana da wurin zama a bakin ƙofa, in ya zo da mutum ɗaya kuma ba a cewa komai. Da ya gayyaci Bihi, sai Bihi ya waiwaya ya ga ko da wani ake a bayansa. Sannan ya ce ba shi da rigar shiga gidan manya. Allal ya ce ai gidan cike yake da dukawa da masunta, wanda ya fi kowa ƙamshi a ciki wanzami ne.

Suka bi ta bayan ganuwa, ta gefen maƙabartar da ke kallon teku. Bihi ya sayi gasasshen wake, ya raba biyu a tafin hannu, ya miƙo wanda ya fi yawa. Ya tsaya yana kallon ruwa, ya tambaya duk wannan na wane ne.

"Na Alhaji Tuhami ne," in ji Allal. "Haya yake ba kifaye."

Bihi ya ci gaba da kallon ruwa, har Allal ya ɗauka ya haɗiye. Can sai ya ce, "To in mun je ka ce masa gishirin ya yi yawa."

Ashe yana da baki. Wata da watanni kafaɗata na gugar tasa ban sani ba. Kafaɗar Allal nake nufi.

A hanya ya ba da labarin mahaifinsa. Mai goge ne, irin nasu mai tsirkiya ɗaya, da ake ɗauka ƙauye zuwa ƙauye lokacin biki. Tun da ya rasu gogen yana rataye a bango, uwarsa ba ta bari a taɓa, Bihi kuma bai ƙara zama inda ake kiɗa ba. Ya ce shi ya sa ya yarda ya zo, ko da ya san masu gayyatarsa wuri ba su cika yi don Allah ba. Allal ya ce haba.

Tsakar gidan ba ta da girma, bishiyar lemo ɗaya ce da mutum kamar ashirin a kan tabarmi. Shehi Ma'ati ne ke waƙa, wanzamin da haƙoransa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, amma in ya ɗaga murya tsuntsayen lemon ma shiru suke yi. Molo ɗaya, goge ɗaya, bandirin Kawu, saura kuma tafi da amshi. Da mai goge ya ja na farko, Bihi ya kama hannun rigar Allal bai sake saki ba. Kafin a kai waƙa ta biyu yana amshi da karyayyen Larabcinsa, hawaye na bin gefen hancinsa, wani tsohon baduku kusa da shi yana buga masa cinya yana gyara masa kalmomi.

A baitin ƙarshe Shehi ya ambaci sunan wanda ya tsara waƙar, kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Bihi ya tambayi dalili. Allal ya ce haka ake yi, duk wanda ya tsara waƙa sai ya saka sunansa a ƙarshenta, ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, don kada a ɗora wa wani.

"Juma'a mai zuwa ma za ka zo da ni?" in ji Bihi.

Allal ya ce kowace Juma'a. Kotu ta yarda da gaske yake yi.

Sai iskar teku ta sa fatar bandiri ta saki. Kawu ya miƙo shi ya ce a je a ɗumama shi a kaskon wuta da ke bayan ginshiƙi. Allal ya tashi. Daidai nan ake shigowa da farantin shayi.

Tawada ta ƙare. An ɗage zama.

Laraba, da safe

Tawada ba ta ƙare ba.

Alhamis, bayan azahar

To, ga sauran.

Tun kafin waccan Juma'a yaran masaƙa suke cewa Allal ya tsufa, tsokanarsa ta koma ta ƙananan yara. Wani ya ce in shi namiji ne ya sa a roƙi waƙar mai fito a gidan Alhaji Tuhami. Kowa ya san ba a yin ta a gidan. Dalilin da muka sani shi ne, wai uban Alhaji mai fito ne, yana tsallakar da mutane Rabat ƙafa ba takalmi, Alhaji kuma da ya samu ba ya son a tuna masa. Muka ce za mu ga fuskar attajiri ta yi ja, shi ke nan.

Saboda haka a bakin ganuwa, kafin wake, kafin maganar gishiri, kafin labarin goge, Allal ya gaya wa Bihi al'adar gidan. Ya ce duk baƙon da ya fara zuwa, in an kawo shayi sai ya miƙe ya roƙi waƙa da babbar murya, in bai yi ba ya raina mai gida. Ya ce wadda Alhaji ya fi so ita ce ta mai fito. Babu wannan al'ada. Bihi ya yi ta maimaita sunan waƙar a hanya kada ya manta.

Allal ya yi niyyar warware maganar. Tun wajen maƙabarta ya yi niyya. Ya ce bari a shiga, ya ce bari wannan waƙa ta ƙare, ya ce bari in dawo daga wuta. Yana juya bandiri a kan garwashi sai ya ji muryar Bihi, a tsaye, hannu a ƙirji, yana gaida mai gida da duk Larabcin da ya mallaka.

Mai goge ya sauke gogensa. Shehi ya sunkuyar da kai. Fuskar Alhaji ba ta yi ja ba. Ya ajiye butar shayi a hankali, ya dafa bango ya tashi, ya hau sama. Mutane suka fara neman takalmansu. Bihi yana nan tsaye da murmushinsa, yana neman Allal da ido.

Wasu sun ce a cikin shirun an ji wata 'yar ƙara daga bayan ginshiƙi. Kotu ba ta ɗauki wannan da muhimmanci ba. Garwashi yakan yi ƙara.

Juma'a, bayan la'asar

Ƙofar Alhaji a rufe. Tsohon badukun nan ya zo da 'yar matashinsa a hammata, ya tsaya, ya juya.

Allal ya je shagon Da Lahsan. An sa Bihi a lungun baya yana auna mai yana naɗe sukari. Bihi ya tare shi kamar wanda ya dawo daga Makka, ya share masa buhu ya zauna, ya zaro wake daga aljihu. Ya ma tara masa takardun naɗe sukari, don ya taɓa jin yana cewa ba shi da abin rubutu. A kansu nake rubutu yanzu. Wato kotu ta karɓe su a matsayin shaida.

Ya ce kawunsa ya mare shi, ya tambaye shi wa ya koya masa sunan waƙar. Ya ce masa a jirgin fito ya ji.

"Me ya sa ka ce haka?" in ji Allal.

"Kai ka kai ni. A wajenmu in mutum ya kai ka wuri ba ka jawo sunansa cikin rigima." Ya turo masa waken. "Ƙila kai ma ba ka sani ba."

Ya dubi Allal, ya jira. Allal ya ce wallahi garin nan al'adunsa da yawa, mutum ba ya gama saninsu. Ya ci waken.

An ɗage zama.

Lahadi, da hantsi

An zaunar da wani yaro a gefen Bihi. Na ce masa hannunsa na warin kifi, tabarmar masallaci ce, ya tashi. Babu wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba.

Litinin, kafin magariba

Kawu Kaddur ya kira ni in riƙe masa katako yana ɗaura sabuwar fata, don waccan ta ƙone ranar da aka watse zaman, wani ya bar ta a kan wuta. Yana jan igiya yana magana, bai dube ni ba.

Ya ce Alhaji yana da ɗa, Gali, tun ina goye. Shi ke jan amshin waƙar mai fito, a lokacin muryarsa ta fi ta Shehi. Wata rana aka gayyace su biki a Rabat, suka yi ta a can. Suna dawowa ruwa ya kumbura a bakin kogi, jirgin ya kife. Kawu yana ciki. An tsamo kowa ban da Gali. Maƙabartar nan duk faɗinta babu inda Alhaji zai je ya tsaya. Uban Alhaji kuwa, in ji Kawu, malamin allo ne, bai taɓa riƙe filafili ba, ban da wanda yake dukan yara da shi.

"Yaron dutse ba shi da inda zai ji sunan waƙar nan," in ji Kawu. "Masu fito ba sa yin ta, ta 'yan birni ce. Ɗan 'yar'uwata, ba ka ji ƙamshin hannun kowa a maganar nan ba?"

Na ce ban ji ba, mura nake yi.

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja igiya har ta yanke mini yatsa.

Wannan shaida Allal ne ya kawo, shi ya sa "ni" ya yi yawa a ciki.

Laraba, bayan azahar

Yau aka kai ban-haƙuri. Si Bu'azza a gaba, Da Lahsan da jallabiyarsa ta Idi, Bihi a baya rungume da curin sukari cikin farin ƙyalle. Allal ya bi su daga nesa, ya laɓe a shagon mai gawayi, wanda ya riƙe hularsa da hannu biyu tun da ya gan shi.

Matar Alhaji ta yi magana ta bayan ƙofa. Ta ce Alhaji ba ya ganin kowa, ya ce an gode, a mayar da sukarin.

Wanda bai taɓa ganin an mayar wa mutum sukari ba bai san tsawon kasuwar Sala ba. Da Lahsan ya wuce gaba kamar bai san yaron ba. Bihi ya ratsa layin dukawa, ya ratsa layin masu kifi, da ƙullin a ƙirji, kowa na kallo kowa ya san ma'anarsa. A layin masu kifi wani ya yi kukan akuya. Sunan ya fita daga masaƙa ashe, ya shiga gari.

Alhamis, da safe

An fara shafa wa gidaje farar ƙasa saboda Maulidi. Da wuri suka fara bana, ban san saurin me suke yi ba.

Asabar, bayan la'asar

Da Lahsan ya yi magana da direban motar Tiznit. Washegarin Maulidi.

Bihi ne ya faɗa, yana auna wa wata tsohuwa gishiri, kamar labarin wani yake bayarwa. Ya ce abin da ke damunsa uwarsa ce, ta riga ta gaya wa duk ƙauye ɗanta zai dawo da sana'a a hannu. Ya ce amma ko ba komai ya sake jin goge. Ya ce in an buɗe zaman wata rana in matsa kusa da mai gogen in ji masa, kuma kada in bar kowa ya kwance gefensa na tabarma, a ɗora daga inda ya tsaya.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin shago.

"Akwai abin da za ka ce, Allal?"

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce amin.

Lahadi, bayan azahar

Kotu ta zauna. An kira Allal.

Ya ce bai san da Gali ba. An karɓa. Ya ce yara ne suka zuga shi. An karɓi rabi. Ya ce ya yi niyyar warwarewa. Malaminmu na allo yakan ce ana rubuta wa mutum kyakkyawar niyya, amma shi kansa bai taɓa fasa bulala saboda ita ba. Ya ce in ya faɗa Si Bu'azza zai kore shi, Kawu zai ji kunya, Bihi kuma. Nan ya kasa ƙarasawa, don mutum ɗaya ne a garin nan da in ya gan shi yake share masa buhu.

Aka tambaye shi ƙarar da aka ji bayan ginshiƙi.

Ba garwashi ba ne.

Ba a ɗage zama ba. Alƙalin ne ya kasa tashi.

Litinin, bayan la'asar

Na je gidan Alhaji. Ban kai sukari ba, na ga inda sukari ya kai waɗanda suka fi ni. Na zauna a dokin ƙofa tun hantsi. Matar Alhaji ta ce ba ya ganin kowa, na ce zan jira, Lalla, kamar yadda muke kiran manyan mata. Masu wucewa suna tambaya ko gadi aka ɗauke ni. Bayan azahar aka buɗe.

Yana ɗakin ciyawa, zaune a kan dami, yana ware dogaye daga gajeru. Ya rame. Na durƙusa na zuba masa duka, daga ganuwa har kaskon wuta, da sauri kamar mai hadda yana tsoron kada ta kuɓuce. Abu ɗaya na tsallake.

"Ka gama?"

Na ce na gama, ranka ya daɗe.

"Ba ka gama ba."

Sai na ce ni na yi dariyar. Na ce ban so ba, ita ta fito da kanta, bakin ya saba.

Ya daɗe yana juya ciyawa ɗaya a yatsunsa. Sannan ya ce, "Yaron nan ya miƙe ya roƙi waƙa da ladabi. Shekara da shekaru ba wanda ya faɗi sunanta a gabana. Ta soke ni, amma roƙon waƙa ba laifi ba ne. Da na hau sama na sha iska na sauko. Dariyar ce ta hana ni saukowa. Na ce ashe cikin waɗanda nake zuba wa shayi akwai wanda abin ya ba dariya, ban kuma san ko wane ne ba. Duk wanda na tuna sai in ce ko shi ne. Har Ma'ati. Har kawunka."

Ya ce ya mayar da sukarin ne don ba mai laifin ya kawo ba. Na gaya masa maganar motar Tiznit. Ya ɗago kai ya ce wa ya ce a kore shi. Ashe babu wanda ya gaya masa, kowa yana can yana fushi a madadinsa. Ya ce a miƙo masa takalmansa.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Shi ya zo ranar Juma'a ya zauna kusa da ni. Kai kuwa, ɗan 'yar'uwar Kaddur, ƙafarka ba za ta sake taka tabarmar gidana ba."

Na jira ya ce sai kaza. Bai ce ba.

Ya taka har masaƙa da kansa, ina biye. Si Bu'azza bai kore ni ba. Ya murɗe mini kunne har na ga taurari da rana, ya ce daga yau ni zan riƙa jiƙa ciyawa a ruwan sanyi da asuba, har sai ya manta sunana.

Talata, da hantsi

Na sami Bihi yana kwance ƙullin kayansa. Na fara magana, ya ce ya sani.

"Wata da watanni ina jin dariyar nan a bayana. Kana tsammani ba zan gane ta ba?"

Na ce to me ya sa ya yi shiru.

"Kullum ka zo sai in buɗe maka ƙofa ka faɗa. Sai ka ci wakena ka tafi." Ya ninke bargonsa. "Har Alhaji ka riga gaya wa kafin ni."

Na ce Alhaji ya fi sauƙi.

Buhun da yake share mini yana nan da ƙurarsa. Na tsaya kaɗan, na fita.

Alhamis, da azahar

Ya dawo gefensa. Kafaɗarsa ba ta taɓa tawa. A saƙar mutum biyu wannan aiki ne ja, amma yana iyawa. Wani ya kira shi da sunan nan, na jefe shi da jiƙaƙƙen dami. Bihi bai ɗago ba.

Lahadi, washegarin Maulidi

Motar Tiznit ta tashi, ba shi a ciki. Wannan a rubuta da manyan baƙaƙe.

Juma'a, kafin magariba

An buɗe ƙofar Alhaji. Baduku ya shiga da matashinsa, Shehi ya shiga, Kawu ya wuce ni da bandirinsa. Bihi ya zo cikin jallabiyar Da Lahsan tana jan ƙasa. Ni na zauna a lungu, gindin katanga, inda reshen lemo ya leƙo waje. Na cire takalmana na ajiye a gefe, don ko daga waje ne ai zaman waƙa ne. Daga nan ana jin bandiri da muryar Shehi, goge ne dai ba ya isowa sosai. Ba a yi waƙar mai fito ba. Ina ji ba za a taɓa yi ba.

Lokacin shayi ƙofa ta yi ƙara. Bihi ne, da kofi ɗaya. Ya zauna, ba kusa da ni ba, ya bar tsakaninmu filin da jaki zai wuce. Ya sha rabi, ya turo kofin a kan dutse.

"Amshin waƙa ta biyun nan. Badukun ba shi da haƙora, ba na jin abin da yake cewa. Faɗa mini."

Na rufe ido na jawo shi daga farko, a hankali, har sau uku, yana bi.

"In ka ƙara ko ka rage, zan tambaya a ciki."

Na ce wallahi haka yake.

"Wallahinka riƙe abinka," in ji shi. Ya ɗauki kofin ya koma.

Da aka watse na miƙa ƙafa in sa takalmi, na tarar an ɗinke su biyu wuri ɗaya, ɗinki matsattse irin na gefensa na tabarma. Ban kwance ba. Na rataya su a wuya na ratsa kasuwa ƙafa ba takalmi, mai gawayi yana dariya har da riƙe ciki.

To, mun zo baitin ƙarshe. Babu alƙali, babu rawani, babu magatakarda, Rabat kuma ko atishawa na yi ba su sani ba. Ni ne Allal, ɗan 'yar'uwar Kaddur mai bandiri, wanda karatunsa bai wuce allo ba, mai jiƙa ciyawa a masaƙar Si Bu'azza. Ni na raɗa Akuyar Bishiya, ni na ƙirƙiri al'adar da babu, ni na ƙona fata, ni na yi dariya, ni kuma na rubuta wannan a kan takardun da Bihi ya tara mini. Kada a ɗora wa wani.